Shekarar da Na Aurar da Yaya

Tun da aka rushe ɓangarenmu na unguwar Nakkasa a Makka nake zaune a gidan 'yata, hawa na uku, a wani ɗaki mai sanyi da tagarsa ba ta kallon komai sai bangon maƙwabta. Ɗakin da ke kusa da nawa na jikana ne, ɗanta na fari. Ya fi ni tsawo, gashin baki ya fito masa. In ya shiga ɗakin nan ya turo ƙofa, wani lokaci ba a sake ganinsa sai an kira Azahar. Wata rana gas ɗin girki ya ƙare, na ce a tashe shi ya sauka da tukunyar ya canzo. Uwarsa ta ce, "Baba, ka ƙyale shi. Murahik ne, sai ana lallaɓawa." Na tambaye ta mene ne murahik. Na san kalmar, a Makka aka haife ni, so nake in ji yadda za ta fassara. Ta ce wanda ya fita yarinta bai shiga girma ba. Ta ce har takarda aka aiko daga madarasarsu, kada a yi musu tsawa, kada a matsa musu, wai ƙwaƙwalwarsu ba ta gama nuna ba sai sun haura ashirin. Na ce to. Ta kira mai gas a waya, ya hawo da tukunya.

Ban ce ta yi kuskure ba, ban kuma ce yaron ya lalace ba. Yana salla, yana gaishe ni, in na ce ya karanta mini abin da ke jikin kwalin magani yakan karanta. Abin da na daɗe ina lura da shi kawai shi ne, wannan filin da ke tsakanin yaro da babba, kowane zamani da irin faɗin da yake ba shi. Na yanzu sun shimfiɗa shi ya yi tsawo, an ba shi suna, an yi masa likitoci da malamai. Na iyayenmu ma yana da faɗinsa, sai dai wani iri. Babana, Allah ya jiƙansa, in ya ci abinci ya miƙe ƙafa, yakan ba mu labarin samartakarsa a ƙauyensu na ƙasar Kano, kafin ya biyo ayarin masu tahowa da ƙafa. Ya ce suna da sarkinsu na samari, suna fita gayya su nome gonar dattijo a rana ɗaya, bayan girbi a yi kokawa, da yamma a taru a dandali. Gari ya san da waɗannan shekarun, ya ba su aiki, ya ba su wasa, ya kuma san lokacin da za su ƙare. Wannan samartakar ba ta haye teku ba. A kan dutsen da muka tashi babu gona, babu dandali, babu ma filin da mutum goma za su tsaya a jere. Mutum iri biyu muka sani: yaro, da wanda alƙalami ya hau kansa. Tsakaninsu dokin ƙofa ne kawai, taku ɗaya ake yi.

Yarintar kuwa mun yi ta sosai, kada a ce ba mu yi ba. Gidajenmu na kwano ne da katakon akwatunan kaya, an jingina wani a bayan wani har saman dutse. Da sassafe kiran salla ke tashinka, yana bugun duwatsu yana dawowa, sai ƙarar garwa, sai taɓarya a turmi don matanmu ba su yarda da garin kanti ba, sai kukan awaki masu cin kwali. Aikin yaro shi ne aike. Ka kai ƙosai gidan wance, ka karɓo wuta, ka sauka gindin dutse ka sayo burodin tamis da zafinsa ka rungumo shi a ƙirji. Babu ɗakin da ba ka shiga. Mata na kitso, ka wuce ta tsakaninsu ba wadda za ta ja mayafi, a gabanka ake zancen da ba a yi a gaban maza, don an ɗauka kai da kyanwa ɗaya ne. In aike ya ƙare sai wasa. Muna da wani santsin dutse a bayan masallaci, mukan farke tsohuwar garwa mu baje ta, mu zauna a kai mu sulalo har ƙasa, wando ya yage, a zane mu, gobe mu koma. A watan azumi mukan hau can ƙololuwa mu jira ƙarar igwa, mu rugo muna ihu an sha ruwa, alhali rabinmu tun Azahar muka sha namu a ɓoye.

Masu cewa yaro ya tsallake dokin ƙofar nan suna da yawa, kuma bakinsu bai cika zuwa ɗaya ba. Limamin masallacinmu, wanda kowa ke kira Malam kawai, yana da littafin da ya taho da shi daga gida. A ciki an lissafa alamomin balaga, in babu ko ɗaya sai a jira shekara goma sha takwas. Wasu malaman da ke karantarwa a Harami suna cewa sha biyar. Mata ba su da littafi, da aikin hajji suke ƙirga: wane ya ga hajji kaza. Takardar haihuwa babu mai ita a layinmu, a ɗaki ake haihuwa. Askarawan da ke tare mutane a bakin titi suna tambayar iƙama, wato takardar zama, nasu ma'aunin ya fi na kowa sauƙi, leɓenka na sama suke kallo. In babu komai su ce wuce, in ya fara duhu su ce zo nan. Babana kuma yakan ce shi dai in ya aiki yaro bai ji yana son leƙawa ya ga ina ya nufa ba, to wannan yaron ya girma.

Ni nawa takun ya zo ne a shekarar da babana ya rasu. Ɗan garuwa ne shi, sanda a kafaɗa, garwa biyu, daga wurin ɗiban ruwa da ke gindin dutse zuwa gidajen mutane, tun kafin a haife ni. A ƙarshen Rajab ya kwanta, kwana shida, ya tafi. Ya bar Inna, ya bar Yaya, ya bar ni. Tsakanina da Yaya akwai uku da ba su rayu ba, saboda haka ta girme ni sosai. Ta haura ashirin, abin da a lokacin ake ganin ta daɗe a gida. Ɗinkin hula take yi, kuma ta hanyar hular ne wani tela ya san ta. Haifaffen Madina ne, Bahaushe, amma kakanninsu ne suka zo, suna da takardu, Hausarsu ta gauraya da Larabci. Duk shekara yakan zo Makka ya taya wani ɗan'uwansu ɗinki lokacin alhazai. Yana son ta, tana son shi, babana ya amsa masa tun yana da lafiya, aka ce bayan hajji. Inna ta fita takaba a cikin kwanakin Babbar Salla, alhazai suka sauko daga Mina, mutanen Madina suka hawo dutsenmu.

Baffan angon ne ya jagorance su, wani dogon mutum cikin jallabiya fara sol. Suka zauna a ɗan zauren Malam, aka gaisa, aka yi wa babana addu'a. Sai baffan ya ce, "Tayyib. Wane ne waliyyi?" Malam ya ce marigayi ya bar masa wasiyya a gaban mutum biyu, shi zai tsaya. Baffan ya girgiza kai. "Ya Malam, ba raini ba ne. Amma in an tambaye mu a can wa ya ba da yarinya, ba za mu ce liman ba. Wasiyyar baki ce, babu takarda. Ba ta da baffa?" Baffa akwai, yana ƙasar Kano. Wasiƙa kuwa alhazai masu komawa ke tafiya da ita, amsa ta biyo na baɗi, shekara guda ke nan. "Ɗan'uwa fa?" Wani dattijo ya ce akwai ƙane. Aka aika a kira ni. A santsin dutse aka same ni, gwiwata na jini. Baffan ya dube ni ya ce, "Wannan ai walad ne, yaro ne." Malam ya ce ba a yanke irin wannan da kallo. Baffan ya ce in na balaga sun karɓa, in ban balaga ba a jira amsar Kano. Aka tsayar da gobe bayan La'asar.

A ranar na ji abin da bai kamata in ji ba, kuma na ji shi ne don har lokacin ni yaro ne. Mata sun cika ɗakin Inna, ana wanke mini gwiwa da ruwan gishiri, suna magana kamar ba na nan. Gwaggo, ungozomar layinmu, ta ce uwar angon tun farko ba ta so, tana da wata 'yar ƙanwarta a Madina, mai takarda. "Shekara ɗaya?" in ji ta. "Wata uku ma ba za a yi ba, za ta aura masa ita." Yaya 'yar fari ce, ko sunanta Inna ba ta kamawa, balle ta yi maganar aurenta a gaban mutane. Washegari da safe na tarar da Yaya a bayan ɗaki inda inuwa take, tana warware zaren wata hula da ta ɗinka ba daidai ba. Ba kuka take ba. Ta ce in zauna. "Malam zai yi maka tambaya yau," ta ce, idonta a kan hular. "Abin da yake shi za ka faɗa. Ka ji ni? Kada ka ce komai saboda ni. Shekara ɗaya ba ta kashe kowa ba." Na ce na ji. Ta tsinke zaren da haƙori, ta ce in je in wanke ƙafata.

Bayan La'asar aka zauna, maza a zaure, mata a bayan buhun da aka rataya a matsayin labule. Aka fara da shekaru. Inna ta ce, murya ƙasa-ƙasa, na ga hajji goma sha uku. Gwaggo ta ce a'a. "Ni na yanke masa cibiya. Shekarar da ruwa ya tafi da ɗakin mai wanki ne, ku ƙirga. Sha biyar ne cif." Inna ta ce wanda aka haifa shekarar ruwan yayana ne, wanda bai rayu ba. Gwaggo ta ce ita ba ta rikita haihuwa. Na san Inna ce ke da gaskiya, ina jin Gwaggo ma ta sani. Baffan ya ɗaga hannu ya ce wannan ƙirgar ba za ta kai su ko'ina ba. Sai Malam ya miƙe, ya kama hannuna, ya zagaya da ni bayan masallaci. Yara biyu na wasa a wurin, ya kore su.

"Mun karanta babin wanka da kai," ya ce. "Ka tuna?"

Na ce na tuna.

"To tambaya ɗaya ce. Ya taɓa wajaba a kanka?"

Daga inda muke tsaye ana hango rufin ɗakinmu, da dutsen da babana ya ɗora a kan kwanon don kada iska ta yaye shi. Na ce, "Eh, Malam."

Ya daɗe yana kallona. Idanunsa ƙanana ne, kullum da kwalli. Ban sunkuyar da kai ba, don na ji ana cewa mai ƙarya ne ke sunkuyarwa.

"Ka san abin da ka ɗauka?"

"Na sani."

"Ba ka sani ba," ya ce. "Mu je."

Da muka koma ya ce wa jama'a na faɗa da bakina, kuma a wannan babin maganar mutum a kan kansa ake karɓa. Baffan ya sake dubana daga sama har ƙasa, ya ce, "Halas. Yana wuyanku."

Bayan kwana biyu aka ɗaura, da hantsi. Aka sa mini rigar babana ta Juma'a, Yaya ta naɗe hannun ta kama da zare don kada ya rufe mini yatsu. Malam ya koya mini abin da zan ce, 'yan kalmomi ne, na yi ta maimaita su a hanya. Da baffan ya nemi auren, na ce na bayar. Muryata ta fito siririya, wani dattijo ya yi tari ya rufe ta. Aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino. Mutanen da jiya ke aikena sayen burodi suka riƙa miƙo mini hannu biyu. Bayan mako guda motar Madina ta tafi da Yaya.

Abin da Malam ya ce ban sani ba ya fara tun a ranar ɗaurin auren. Da na dawo daga masallaci na tarar an fitar da tabarmata daga ɗakin Inna an kai ɗan ɗakin babana na bakin ƙofa. Abincina ya zo a kwanonsa, rufe da faifai, ni kaɗai. Na ɗaga labulen Gwaggo zan shiga yadda na saba, sai na ji an ce, "Kai! Ba a sallama?" Na koma waje kamar baƙo, na yi sallama, aka ce me nake so, na ce ba komai, na juya. Inna, wadda makon da ya wuce ta zane ni da igiyar shanya, ta fara kirana in akwai magana ta ce, "Me ka gani?" Ranar farko na ɗauka gatse take yi. Sanda da garwa biyu suna jingine inda babana ya bar su. Ba wanda ya ce in ɗauka, ba kuma wanda ya kawar da su daga wurin. A rana ta huɗu na ɗauka. Rabi-rabi nake cikawa da farko, in huta sau biyar kafin in kai sama. Kafaɗata ta sale, ta warke, ta sake salewa har ta yi kanta. Gidajen da babana ke kai wa ruwa ba su canza ni da wani ba, hawan dutsen ma bai ragu ba don ni ne.

Sau ɗaya na koma santsin dutse. Da rana tsaka ne, kowa ya shige ɗaki. Na ajiye sanda, na karɓi garwar wani yaro na sulalo. Sau biyu na yi. A na uku ina isa ƙasa sai ga wata mata da kwanon wanki a kai, ta tsaya ta ce, "Ikon Allah. Waliyyin amarya ne wannan?" Ba da faɗa ta faɗa ba, dariya ma take yi. Na miƙa wa yaron garwarsa, ban sake komawa ba. Abokan wasana ba su yi fushi da ni ba, sun daina kirana ne kawai. In na zo wucewa sai su tsayar da ƙwallo har in wuce, yadda muke yi wa manya. Azumin da ya biyo baya na kai shi har ƙarshe ba satar ruwa. Hajjin baɗi na bi maza zuwa Arfa kafa tantuna, muka yi kwanaki muna buga turaku a rana, aka ba ni guduma irin ta kowa. A Muzdalifa, inda bara nake tsintar wa tsofaffi tsakuwa, aka sa ni sauke kaya daga mota. Jikina bai iso inda aka ajiye ni ba sai bayan kusan shekara biyu. Da ya iso babu wanda ya sani, babu abin da ya canza, sai dai na fara bin lungu ina kauce wa bakin titi.

Yanzu in na ji ana cewa yaro a waɗannan shekarun yana da saurin fushi, yana son kaɗaici, yana ganin ba a gane shi ba, sai in duba baya in nemi nawa. Akwai shi. Na tuna ranakun da nake hawa da ruwa haushin kowa na cina ba dalili, na tuna na taɓa jifan garwa da dutse har ta lotsa. Amma abin ba shi da suna, saboda haka ba wanda ya tsaya a kansa, har ni. In ka yi fushi a ce ka gaji, in ka yi shiru a ce ka yi hankali. Mu an gajarce mana, mun iya ɗaukar kaya da wuri, da yawanmu ba mu iya rubuta sunanmu ba sai da gemu. Na yanzu an tsawaita musu, sun san abubuwan da ban taɓa ji ba. Wanne ya fi, ban sani ba, kuma ba na jin akwai wanda aka ba shi zaɓi.

Ƙaryar kuwa na ajiye ta na manta. A hankalina na lokacin, tunda manya sun karɓa, magana ta wuce. Sai da na kai kamar ashirin, ina ɗan zama a majalisin karatun wani malami a Harami bayan La'asar in na gama kai ruwa. Rannan yana babin aure, ya lissafa sharuɗɗan waliyyi, ya zo kan balaga. Wani ɗalibi ya ce, in yaro ne ya ɗaura fa? Malamin ya ce babu aure, ya wuce zuwa sharaɗi na gaba. A lokacin Yaya na da 'ya'ya uku, babbansu sunan babana aka sa masa. Na tashi na fito, na yi ta neman takalmina a inda ban ajiye shi ba. Kwana uku ina kai ruwa gidajen da ba a ce in kai ba. Inna ta tambaye ni ko zazzaɓi ne.

Ranar Alhamis da hantsi na je wurin Malam. Ya tsufa, ido ya tafi, wani ke jan salla, shi yana zaune a zaurensa a kan buzu. Ya gane ni da taku. Na zauna, na rasa ta inda zan fara, sai na fara daga tsakiya.

"Malam, ranar da ka tambaye ni a bayan masallaci, ƙarya na yi."

"Na sani," ya ce.

Na ɗauka bai ji da kyau ba. Na sake faɗa, na ƙara da abin da na ji a Harami, da 'ya'yan Yaya uku. Ya bar ni har na gama.

"Ɗana, yara nawa suka tashi a gabana? Muryarka kaɗai ta isa. Gyara zama ka ji. Ranar ɗaurin auren, da aka sallame Asuba, na tsayar da angon da mutum biyun da ubanka ya yi wasiyya a gabansu. Na ba da ita da waliccin da ya bar mini, angon kuma ya karɓa da bakinsa. Kafin rana ta fito yayarka matar aure ce. Abin da ka yi da hantsi na baffan ne, don ya samu abin faɗa a Madina."

"Mijin Yaya ya sani?"

"Ai shi ya fara sani."

Abin da ya danne ni kwana uku ya sauka, amma na ji wani ya hau wurinsa.

"To Malam, tunda ka sani, me ya sa ka bar ni? Aka fitar da tabarmata. Na ɗauki sanda."

Ya lalubi butarsa ya matsar da ita gefe. "Ka tsaya a gabana ka ce kai babba ne saboda 'yar'uwarka. In na ƙaryata ka, baffan ya tashi da mutanensa, kai kuma ka zama yaron da ya yi wa liman ƙarya. In na bar ka, ka zama abin da ka ce. Gidanku kuma babu namiji. Na auna, na zaɓa. Ban ce ban tauye ka ba. Littafi ya faɗi ranar da salla ke hawa kan mutum. Bai faɗi ranar da za a daina ce masa yaro ba. Wannan mu ke yankewa, kuma yawanci bukata ce ke yanke mana."

Ya ce in nemi gafarar Allah a kan ƙaryar, in tashi, mutane na jiran ruwa. Na tashi.

Mijin Yaya bai taɓa ɗaga mini maganar ba, ni ma ban ɗaga masa ba, har ya rasu muna gaisawa da hannu biyu. Yaya kuwa ba ta sani ba. Sau ɗaya ta tambaye ni, a zuwanta na farko bayan aure, ko gaskiya na faɗa wa Malam. Na ce eh. Ta ce to, alhamdu lillahi. Ta tsufa a Madina cikin jikoki, na je na gan ta a ciwonta na ƙarshe. Akwai maƙwabta a ɗakin da ba su san ni ba, wata ta tambaya wane ne wannan tsohon. Yaya ta ɗago hannu daga kan gado ta kama nawa.

"Ƙanena ne," ta ce. "Shi ya aurar da ni."

Na zauna a bakin gadon. Ban gyara mata ba.